Ɗanmu Ya Ci Bak, To Ina Zai Kwana a Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Gazawa da sanyin safiya cikin watan Oktoba ya ga abin da zan faɗa. Yaro ne tsaye bakin kwalta, akwatin ƙarfe a gabansa, an ɗaure tabarma bisa murfin da igiyar kaba. Gefe ga rabin buhun hatsi, ga galan ɗin man gyaɗa an toshe bakinsa da leda. Uwarsa ta rako shi. Ta juya baya ga mutane, ta kwance bakin zane, ta ciro jika biyar da ta tara daga cinikin ƙuli-ƙuli, ta damƙa masa ba ta ce komai ba. Ubansa kuma ya miƙa masa ƴar takarda mai ɗauke da lambar wayar wani ɗan garinsu da ke sayar da kayan babur a Maraɗi, ya ce: "In ka sauka ka kira shi, ka ce ni na aiko ka."

Wannan ƴar takarda ita ce dukan tanadin da muka yi wa yaron da ya shekara goma sha uku yana taka rairayi zuwa lakwal, ya ci jarrabawar bak, aka yi guɗa a gidansu har maƙwabta suka shigo barka. Mun yi murna, mun sa shi mota, amma ba wanda ya san inda zai sa haƙarƙarinsa daren farko.

Ƴan uwana mutanen Gazawa da Gangara, mutanen Agye da Caduwa, mutanen Gidan Rumji da Tibiri da Shadakori da Saye Sabuwa da Gidan Sori, maganar da ta kawo ni gabanku guda ce: mu gina wa ɗiyanmu gida a Maraɗi. Gida na jama'a, da sunan yankinmu, inda ɗan talaka zai sauka kansa tsaye ba tare da ya riƙe takardar roƙo a hannu ba.

Na san zafin abin don na ɗanɗana. Shekarar da na fara karatun gaba da lise, mu biyar muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki guda a wani gidan haya can bayan gari. Da dare sai mu jingine akwatuna da bango, mu shimfiɗa tabarmi uku a ƙetare, wanda ke bakin ƙofa shi ke shan iska, shi kuma ke shan ruwa in hadari ya taso. Fitilar gidan ta kan layi guda take, in mai gida ya ga dama ƙarfe goma ya kashe. Wata biyu kuɗinmu bai zo daga gida ba, shekarar ba a yi damina mai kyau ba. Wata ranar Talata muka dawo daga darasi muka iske kayanmu a waje, an zuba su bisa ƙasa, takardun abokina na wata shida sun jiƙe da ruwan wankin da ke malala daga makwararar gidan. Ina ganinsa har yau, durƙushe yana ɓanɓare shafi daga shafi yana shanya su a kan akwati, tawada na bin yatsunsa. Cikinmu shi ya fi kowa lissafi. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya koma gida, daga nan ya tafi ci-rani, karatu ya ƙare. Ƙwaƙwalwarsa ba ta gaza ba. Wurin kwana ne ya kore shi.

Matsalar nan ta girmi yaran da ke tashar yau. Ƙasarmu ta sami cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. An kafa ta a hayin kogin Kwara, bayan gadar Kennedy, lokacin da ɗaliban ƙasar duka ba su da yawa, kuma gwamnati na iya ba kusan kowa gado da abinci da ɗan kuɗin burs. Yaron Agye a wancan zamani sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ya ga aji. Shekaru suka tafi, lise-lise suka yawaita, masu cin bak suka ninka, gine-ginen kwana kuwa suna tafiyar hawainiya. Ɗakin da aka yi don mutum biyu ya koma na duk wanda ya sami inda zai miƙe ƙafa.

Sai ɗaliban suka yi wani abu da ya kamata mu tsaya mu dube shi da kyau. Suka kakkafa rumfuna cikin harabar jami'ar, na zana da na kwano, kowane yanki da tasa, suka ba su suna ambasad, wato ofishin jakadanci. Baƙon da ya sauko daga motar Maraɗi ba ya neman kowa sai ambasad ɗin garinsu. Nan za a karɓi jakarsa, a ba shi ruwa, yayyensa su nuna masa inda ake yin rajista, a ci abinci kwano ɗaya, a dafa shayi, a yi bitar darasi, dare ya yi a shimfiɗa tabarma. Yara ne marasa ko sisi, amma sun gane abin da mu manyansu muka kasa ganewa: ɗan ƙauye in ya shiga birni, abin da yake buƙata kafin littafi shi ne inuwar mutanensa. Abin da suka yi da kara da zana, mu da muke da gonaki da shaguna da albashi, me ya hana mu yi shi da bulo da siminti?

Kada kuma mu manta cewa maganar cin ɗalibi da kwanansa ta taɓa cin rayuka a ƙasar nan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka taso daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy, suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da ya taɓa karatunsu da burs ɗinsu. Aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Jinin nan na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Ranar 10 ga Afrilu 2017 kuma wani ɗalibi ya rasa ransa a Yamai cikin zanga-zangar neman gyaran zaman ɗalibai. Allah ya jiƙansu. Wanda ya ɗauki ɗakin kwanan ɗalibi ƙaramar magana, bai karanta tarihin ƙasarsa ba.

Yanzu jami'a ta matso kusa da mu, kuma wannan alheri ne babba. A 2008 aka buɗe cibiyar koyon fasaha ta jami'a a Maraɗi, wadda ake kira IUT. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tillaberi. Tamu ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan garin, masanin kimiyyar sinadarai, ministan ilimi zamanin Diori Hamani, wanda daga 1974 zuwa 1982 ya shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci a Paris. A jami'ar ana karanta kimiyya da fasaha, ana karanta aikin gona da muhalli, ana karanta aikin likita. Ku duba waɗannan fannoni sannan ku duba garuruwanmu. Wa ya fi mu buƙatar masanin ƙasar noma, mu da gonakinmu suka gaji, gado ke ƙara yanyanka su kowace shekara? Wa ya fi mu buƙatar likita da ya san harshen tsohuwar da aka kawo cikin amalanke? An kawo rijiyar bakin ƙofarmu. Daga Gidan Rumji ko Agye tafiyar awa ɗaya ce ko ɗan fiye a kan kwalta.

To amma awa ɗaya a mota ba kusa ba ne ga wanda darasinsa ke farawa ƙarfe takwas na safe, kuma kuɗin motar yini guda ya fi abin da gidansu ke kashewa a cefane. Dole ya zauna birni. Birnin kuwa kun san yadda ya zama. Tun da ambaliyar 1945 ta sa aka tashi Maraɗi daga fadamar Gulbi aka hau tudu, garin bai daina miƙewa ba. Ƙidayar 2012 ta iske mutum fiye da 267,000 a cikinsa, jihar kuma fiye da miliyan 3 da dubu 400, kuma yau an wuce nan nesa. Gonakin da iyayenmu suka sani a bakin gari sun zama unguwanni, gine-gine na tunkarar Tibiri ta wannan gefe, suna tunkarar Jiratawa ta wancan. A Ali Ɗan Sofo da unguwannin Zariya, inda ɗalibi zai so ya zauna don ya kusanci aji, yana takarar ɗaki da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da ma'aikacin ƙungiyar agaji. Wa mai gida zai zaɓa? Hukumar kula da zaman ɗalibai ta jiha, wadda ake kira CROU, tana da ɗakuna da gidan cin abinci, ana kuma cin moriyarsu, amma masu nema sun fi gadajen yawa. Ɗan birni in bai samu ba ya koma ɗakin gidansu ya ci tuwon uwarsa. Namu in bai samu ba, sai zauren wani, ko shagon wani bayan an rufe, ko ɗaki can ƙarshen gari inda kuɗin kabu-kabu zai cinye abin da ya rage na burs, in ma yana da burs ɗin, in ma ya fito kan lokaci.

Na yi maganar yara maza. Ta ɗiya mata ta fi ciwo, don su ba a ma ganinsu a tasha. Yarinyar da ta tsallake duk ramukan da ke kan hanyar ɗiyar ƙauye, ta gama firamare, ta zauna gidan mai masauki ta yi kolej tana daka tana ɗiban ruwa, ta ci bak, sai a zo maganar Maraɗi uban ya yi shiru. In ka matsa masa ya ce: "Malam, wurin wa za ta zauna?" Ni ban ga laifinsa ba. Uban kirki ne ke wannan tambaya, mu ne ba mu tanadi amsa ba. Muna kukan matanmu na jin nauyin likita namiji, muna kukan ungozoma ta yi ƙaranci a ƙauyuka, alhali yarinyar da za ta zama likitar tana zaune tsakar gida, takardar bak ɗinta na cikin kwalla ƙarƙashin gado. Da akwai gida mai katanga da ƙofa ɗaya, da dattijuwa ƴar yankinmu mai kula da shiga da fita, wadda uban ya san gidansu ya san mijinta, da shi da kansa zai ɗauko mata akwati.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ba za mu sauke mata nauyin ba. Mu ci gaba da faɗa wa gwamna da minista da duk mai iko cewa wanda ya gina aji ya gina ɗakin kwana tare da shi, kuma a riƙa biyan burs kan kari. Ƙungiyar ɗalibai ta USN tun 1960 take wannan kira, mu iyaye mu sa bakinmu. Sai dai yaron da ke tasha bana ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Mai jiran gawon shanu, in bai yi hattara ba, da yunwa yake kwana.

Kuma abin da nake kira a yi ba baƙo ba ne a wajenmu. Wajajen shekarar 1240, mutanen daular Kanem suka kashe dukiyarsu aka gina makaranta da masauki a birnin Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu, sarakunansu na aika kuɗin kula da ita daga bakin tafkin Cadi. Daga baya a Azhar ma Barebari suna da sashensu na kwana da sunan Barno. Mutanen da ke ratsa hamada bisa raƙuma sun iya tanadar wa ɗiyansu ɗaki a Masar, mu da ke da kwalta da wayar hannu mu kasa tanadar shi a Maraɗi? A Paris, unguwar ɗaliban duniya da aka buɗe a 1925 da kuɗin wani attajiri aka fara ta, sannan ƙasashe suka riƙa zuwa kowace na gina gidan ɗiyanta. Nan kusa a Zariya, Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello rukunin ɗakunan kwanan ɗalibai. Kakanninmu fatake ma duk garin da suka yi zango, daga Gwanja har Kumasi, akwai mai gida da ke sauke baƙo ya adana masa kaya.

Ba sai mun je nesa ba. Mutanen Gidan Rumji, a 2019 da ƴan bindiga suka koro dubban ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara, kafin wata hukuma ta kafa tanti ku ne kuka buɗe musu ɗakunanku, kuka raba rumbunku da su. Mutanen Agye, a Ɗan Saga da ƙauyukan kewayenta ku ne kuka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, kuka bar tsiron gawo da kalgo da sabara ya tashi cikin gonaki har ƙasar da ta yi fayau ta sake yin inuwa, baƙi daga ƙasashe suna zuwa koyo. Matanmu sun riƙe bankunan hatsi da asusu shekara da shekaru, sun san awo sun san lissafi. Haɗin kai ba sabon darasi ba ne gare mu. Ba mu dai taɓa juya shi wajen ɗalibanmu ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Allah ya sa komawar ɗalibai ta zo daidai da kaka. A ce gida 10,000 cikin gundumominmu uku na Gazawa da Agye da Gidan Rumji kowane ya ba da tiya ɗaya ta hatsi, ko wake, ko aya, ko riɗi, abin da gonarsa ta ba shi. Tiya 40 ke cika buhu, ka ga buhu 250 ke nan a kaka guda, kuma ba gidan da zai ji a jikinsa. Rabi a sayar a zuba a gini, rabi a ajiye don tukunyar ɗalibai. Kafin bulo na farko ya hau, a kama gidan haya biyu da sunan jama'a, ɗaya na mata ɗaya na maza, don yaran bana su sami wurin sauka. In kuɗin bai isa biyu ba, a fara da na mata.

Ranku ya daɗe, sarakunanmu na Gazawa da Gangara da Agye, da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tibiri da hakimansa, Allah ya ja zamaninku. Maganar nan ba za ta tashi ba sai da bakinku. In kuka kira masu gari kuka ce a yi, za a yi. Magadan gari, ku ware wani abu cikin kuɗin shiga na kasuwanni, ko kaɗan ne, a rubuta shi a takarda kowace shekara. Malamanmu da limamai, ku bayyana wa jama'a hukuncin waƙafi da ladar sadaka mai gudana. Ƙasarmu yanzu tana da dokar waƙafi da hukumar da ke kula da shi, a rubuta gidan ƙarƙashinta don kada wani magaji ya wayi gari ya ce nasa ne.

Alhazai da hajiyoyi, ƴan yankinmu da Allah ya buɗa wa a Maraɗi da Yamai da Kano da Legas da Kwatano, gare ku nake neman abu mafi tsada: fili. Yanzu ake neman sa, tun yana sayuwa, kuma kusa da jami'a, inda yaro zai taka da ƙafa ko ya hau keke. Filin da aka yi jinkirin saye bana, baɗi kuɗinsa ya tashi, bayan shekara biyar sai can bayan gari inda ba ruwa ba wuta. Da yawanku kuna da filaye kewaye da katanga, ba abin da ke ciki sai tumfafiya. Kun gina masallatai, Allah ya karɓa. Ku gina wa limamin gobe da likitar gobe ɗakin da za su yi karatu.

Mu kuma da muka bi ta wannan hanya, malaman makaranta da likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan ofis, bashi ne a wuyanmu. Kowanenmu ya taɓa kwana kan tabarmar wani, ya ci tuwon matar da ba ta haife shi ba. Jika ɗaya a wata daga albashi ba za ta karya kowa ba. Injiniyan cikinmu ya zana ginin kyauta, da ɗakin karatu mai hasken rana da ba ya ɗaukewa, da famfo, da makewayi isassu. Masanin shari'a ya rubuta dokar gidan.

Na san abin da ke ranku, don ni ma yana raina: an sha tara kuɗi a garuruwanmu, aka ji shiru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka tun ranar farko a ɗaure abin tamau. Kuɗi ya shiga banki, kada ya fita sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga kowace gunduma, kuma cikinsu a sami mace. Hatsi a auna shi gaban jama'a, a rubuta sunan gari da yawan tiyoyinsa. Kowane wata uku a karanta lissafin a rediyon karkara da bakin masallacin Juma'a, abin da ya shiga da abin da ya fita. Rabon gadajen kwana kuma ya bi ƙa'ida a rubuce: maraya da ɗan ƙauye mai nisa da wanda ba shi da kowa a birni su ne gaba, ɗan mai hali ya biya ko ya nemi wani wuri. Ba a kafa tutar jam'iyya a ƙofar gidan nan, ba a tambayar yaro aƙidar ubansa kafin a ba shi katifa.

Ƙannena ɗalibai, aikin farko naku ne, kuma ba ya buƙatar ko dala. Ƙungiyoyinku na ƴan asalin kowane gari su zauna su rubuta sunayenku duka: wane ƙauye, wane fanni, ina yake kwana yau, nawa yake biya, mutum nawa ne a ɗakin. Ku ƙara da sunayen waɗanda suka ci bak ba su zo ba, musamman mata, da dalilin kowace. Ku kawo takardar nan gida lokacin hutu ku ajiye ta gaban sarki da magajin gari. Dattijon da ya ga sunan jikar maƙwabcinsa a jerin waɗanda suka zauna gida don rashin masauki ba zai iya kau da kai ba.

Iyayena mata, ku da kuka kwance bakin zane a tasha, ku fara maganar nan a wajen biki da suna da taron asusu, ku riƙa tambayar mazajenku ina aka kwana. Bana, ranar da aka ɗaure damman farko aka kai bakin rumbu, kowane mai gida ya cire tiyar ɗalibai ya ajiye gefe tun kafin a rufe. Mai gari ya buɗe littafi. Ranar kasuwar da ta biyo baya a ɗora buhunan a amalanke a kai fada, a auna, a rubuta, sannan wakilan Gazawa da Agye da Gidan Rumji su sa rana su haɗu a Maraɗi su je duba fili.